Teburin Bayan Labule

Ni ce mai tebur a bayan labule,
a Kärdla, tsibirin Hiiumaa,
inda jirgin fito kan makara duk ranar da teku ta yi fushi.
Sunana Maimu.
Yana can ƙasan takardar gayyata, da ƙananan baƙaƙe,
kusa da na kantin da ya ba mu fenti.

Shekara talatin ina jera wasiƙu a gidan waya,
yanzu kaya nake jerawa.
Na shimfiɗa takarda a kan tebur,
na zana wa kowane abu gurbinsa:
nan kofi, nan tabarau, nan makullin da ba ya buɗe komai,
don in hannu ya lalubo cikin duhu
ya tarar da abin da ya zo nema.

An ce kayan aro ba ya rufe katara.
Namu ya rufe dandamali guda.
Agogon bango na Endel ne, mai ɗinkin koma,
ya tsaya tun hunturun da matarsa ta rasu,
sai da na rantse ba zan murɗa shi ba.
Tarho na likitan dabbobi ne.
Barasar kwalba kuwa shayi ce, ni na dafa da hantsi,
amma Aivar yana kurɓa sai ya kama tangaɗi
har tsofaffin layin gaba su riƙe baki.
Kifin roba ya ɓace sau biyu,
kyanwar ɗakin taro ta san inda yake.

Sai wasiƙa.
A fitowa ta uku Ülo zai buɗe ta, ya karanta, ya yaga.
Dare goma sha biyu, wasiƙa goma sha biyu.
Leelo, mai ba da umarni, ta ce, "Sa farar takarda kawai,
ya haddace kalmomin, 'yan kallo ba sa gani."
Na ce to.
Amma hannun da ya tsufa a gidan waya
ba ya iya liƙe ambulan babu komai ciki.

Daren farko na rubuta farashin dankali.
Na biyu, cewa ƙanƙara ta karya min reshen tuffa.
Na biyar, labarin ƙanena da ya haye teku
bai taɓa aiko ko layi ɗaya ba,
ni kuwa kullum ina duba buhun safe.
Ülo yana yagawa, ina sharewa.
Ban zaci makanikin jirgi yana karanta abin da ke gabansa ba.

Daren tara ban tuna me na rubuta ba.
Ƙarya nake, na tuna.

Ya buɗe. Ya yi shiru.
Shirun ya wuce wanda aka tsara.
Mai tuni ta raɗa masa layinsa, ta sake raɗawa,
wani ya yi tari a baya,
ni kuwa ina riƙe da tsintsiya kamar ita ke riƙe da ni.
Sai ya faɗi kalmominsa daidai, babu gargada,
ya ninke takardar gida huɗu,
ya sa a aljihun ƙirji.

Leelo ta kusa cinye fensirinta.
"Yagawa ita ce wasan! Wa ya ce ka adana?"
Ya ce yatsunsa ne suka yi sanyi.

Yau dare na goma.
Na zo da wuri, na kunna fitilar tebur,
na ƙirga: kofi, tabarau, makulli, kifi ya dawo.
A gurbin wasiƙa, inda ban sa komai ba tukuna,
ga ambulan,
da ɗan tabon baƙin mai a gefe,
da sunana cikin manyan baƙaƙe.

Saura minti arba'in a ɗaga labule.
Ban buɗe ba.
Akwai shayin da zan ɗura a kwalba.